Kulawar Ƙwararru ga Yara da Matasan da Ake Zargin Suna da Cutar Rikicewar Cin Abinci a Ingila

Cutar rikicewar cin abinci larura ce ta ƙwaƙwalwa wadda ke dagula yadda mutum yake ci, har ta taɓa lafiyar jikinsa. Ba ita ce tamowa ba: mai tamowa abinci ya rasa, wannan kuwa abinci na gabansa, tsoro ko damuwa ke hana shi ci yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da ita, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Ingila na cikin ƙasashen da suka ware wa waɗannan yara tawagogin ƙwararru na musamman a ƙarƙashin hukumar kiwon lafiya ta NHS.

Nau'in da ya fi haɗari shi ne anoreksiya, wadda likita William Gull ya raɗa wa suna a Landan a 1873. Mai ita yana ƙuntata wa kansa ci saboda tsananin tsoron ƙiba, yana ganin kansa da jiki alhali ya rame. Tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafiya kisa, kuma wani nazari na 2011 ya nuna cewa ɗaya cikin biyar na masu ita da suka mutu kashe kansu suka yi. Akwai bulimiya, wadda Gerald Russell ya bayyana a 1979: a ci abinci mai yawa a lokaci guda, sannan a jawo amai ko a sha maganin sa zawo. Akwai ci fiye da kima ba tare da amai ba, da kuma ƙin abinci saboda ƙyamar ɗanɗano ko tsoron shaƙewa, wanda bai shafi siffar jiki ba. Cutar ta fi farawa a shekarun balaga, ta fi yawa a 'yan mata, amma samari ma suna kamuwa, kuma su ne aka fi jinkirin ganowa.

A 2015 NHS ta kafa wa'adi: yaron da aka tura saboda zargin wannan cuta a fara masa magani cikin mako 1 idan lamarin na gaggawa ne, ko cikin mako 4 idan ba haka ba. An yi burin kashi 95 cikin 100 na yara su samu hakan, gwamnati kuma ta ware fam miliyan 30 a kowace shekara har tsawon shekara biyar, aka kafa tawagogi kusan 70. Kowace tawaga ta haɗa likitan ƙwaƙwalwa, masanin halayyar ɗan'adam, nas, masanin abinci da mai zama da iyali, tana kuma aiki da likitan yara. Ginshiƙin tsarin shi ne zargi kawai ya isa a tura yaro. Ba a jira a tabbatar da cutar, kuma an tsara cewa iyaye, makaranta ko matashin da kansa za su iya neman tawagar kai tsaye. Ƙa'idar da cibiyar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta fitar a 2017 ta hana a dogara da nauyi kaɗai wajen yanke hukunci. Wannan hani yana da muhimmanci ƙwarai, domin mai bulimiya yawanci jikinsa daidai yake a ido, alhali yawan amai ya zubar masa da sinadarin fotasiyam, wanda ƙarancinsa kan iya tsayar da zuciya.

A ganawar farko ana auna tsayi da nauyi, da bugun jini da hawansa a kwance da a tsaye, a gwada jini, a duba zuciya da na'ura, a kuma tabbatar ba ciwon sukari ko cutar hanji ko wata larura ce ke ramar da yaron ba. Jagoran da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar a 2022 ya sanya bugun zuciya ƙasa da 40 a minti cikin alamomin haɗari mafi girma. Irin wannan yaro ana kwantar da shi, a dawo masa da ci cikin lura, saboda jikin da ya daɗe da yunwa idan ya samu abinci sinadarin fosfet na jininsa kan faɗi kwatsam.

Mafi yawan yara a gida ake jinyarsu, kuma maganin da ake fara gwadawa shi ne wanda ya dogara da iyali. An gina shi a asibitin Maudsley da ke Landan, inda gwajin da aka buga a 1987 ya nuna ya fi amfani ga waɗanda cutar ta kama kafin shekara 19 kuma ba ta kai shekara uku a jikinsu ba. A da an sha ɗora wa iyaye laifi, har ana raba su da yaron. Wannan hanya ta juya lamarin: ba a neman mai laifi, uwa da uba ne ke karɓar ragamar abinci, su zauna da ɗansu a kowane ci, komai kuka da gardama, har ya cinye. Ana koya musu su bambance yaron da cutar, su gane cewa ƙin ci ba taurin kai ba ne. Sau da yawa akan sa iyalin su ci abinci a gaban mai ba da magani don ya ga inda ake samun cikas. Idan nauyi ya dawo, sai a riƙa mayar wa matashin ikon cinsa kaɗan-kaɗan, daga baya a waiwayi karatu da abokai da sauran abin da cutar ta tsayar. Ga anoreksiya zama 18 zuwa 20 ake yi cikin shekara guda, ga bulimiya kuma cikin wata shida. Aiki ne mai gajiyar da iyaye matuƙa, kuma ba kowane gida yake dacewa da shi ba. Idan haka ta faru sai a koma ga maganin tattaunawa tsakanin matashin da ƙwararre don gyara tunani da ɗabi'a. Ƙwaya ita kaɗai ba a yarda ta zama magani ba.

Tsarin bai cika burinsa ba. Tun daga annobar korona ta 2020 yawan yaran da ake turawa ya ƙaru sosai, tawagogi da yawa suka kasa cika wa'adin. Wani giɓin yana wajen shekara 18, lokacin da ake mayar da matashi sashen manya, sau da yawa daidai sa'ar da yake barin gida zuwa jami'a. Don rage wannan aka ƙirƙiro shirin FREED a kudancin Landan, wanda ke gaggauta ganin 'yan shekara 16 zuwa 25 da cutarsu ba ta wuce shekara uku ba, kuma daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran yankunan Ingila.