Daga haƙorin Makka zuwa kusar Suwidin: Dalilin tsadar dashen haƙori

A ƙasar Rano, ba sai an gaya maka wance ta sauke farali ba. Ka yi mata barka da dawowa, ta yi murmushi, haƙorin Makka zai ba ka labari. A zama guda ake sa shi a wani shago a Makka ko Madina, da ragowar guzuri kuma ake biya. Shi ya sa idan dattijo ya taso daga Kibiya da giɓinsa, likita a birni ya ce masa dasa haƙori ɗaya zai ci ɗaruruwan dubban naira, wani wurin ma ya haura miliyan, abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne: "Likita, wai na gwal ne?"

Ba na gwal ba ne, Baba. Ƙarfen da ake yin sa da shi bai kama ƙafar gwal a daraja ba. Haƙorin Makka hula ce da ake kifawa a kan lafiyayyen haƙori. Haƙorin roba, wanda ake cirewa da dare a jiƙa a kofi, zaman aro yake yi a kan dasashi. Dashe kuwa saiwa ake yi wa mutum sabuwa a cikin ƙashin muƙamuƙi, kuma ɗan Adam ya fi shekara dubu yana neman yadda ƙashi zai yarda da baƙo.

Abul Ƙasim Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif kan ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa, da sassaƙa ƙashin sa a cike giɓi. A 1931 kuma aka tono wani muƙamuƙi a Honduras, na mutanen Maya, daga wajen shekara ta 600, an kafa masa ɓawon kifin teku guda uku a gurbin haƙora. Bayan su an gwada ƙarafa iri-iri, yawanci jiki ya tofar da su.

Zomo ne ya warware matsalar. A 1952 wani matashin likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, sai ya kafa wata ƴar na'ura ta ƙarfen taitaniyom a ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cirewa, abu ya ƙi fita. Ƙashin ya manne da ƙarfen kamar tare aka halicce su. Wani da tsaki zai yi ya nemi wani zomon. Shi kuwa ya shafe shekara 13 yana bin diddigin abin kafin ya taɓa mutum. A 1965, a birnin Gothenburg, ya kafa kusoshi huɗu a muƙamuƙin wani mutum mai suna Gosta Larsson, wanda ya rasu a 2006 da su daram a bakinsa. Duk da haka likitocin haƙori sun daɗe suna yi wa Branemark kallon shisshigi, don shi ba ɗan sana'arsu ba ne. Sai a taron Toronto ta Kanada a 1982 duniya ta sallama masa. Shekara 30 ke nan daga zomo zuwa kasuwa, kuma kamfanonin da suka gaji aikin, irin su Nobel Biocare da Straumann na Suwizalan, sun daɗe suna fanshe wannan jira daga aljihun majinyata.

Mutumin Rano bai kamata wannan lissafi ya ba shi wuya ba. Labarin Bayajida ya ce da aka raba wa Hausa Bakwai ayyuka, Kano da Rano ne sarakunan baba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya san ba kuɗin baba ke sa baƙin rawani tsada ba. Tsomi nawa aka yi masa, kwana nawa ya ɗauka, hannun wa ya bi, wa ya buga shi ya yi sheƙi: nan kuɗin yake.

Haka dashe. Da farko sai an ɗauki hoton muƙamuƙi, sau da yawa da na'urar da ke nuna kaurin ƙashi ta kowace fuska, domin a ƙasa akwai jijiyar da in aka taɓa ta leɓe zai mutu, a sama kuma akwai kogon da ke haɗe da hanci. Sannan a yi allurar kashe zafi, a tsaga dasashi, a huda ƙashi da ƴan ƙananan ƙarafa, daga siriri zuwa mai kauri, ana yi ana feshin ruwan gishiri mai sanyi. Wannan ruwa ba ado ba ne. Almajiran Branemark sun gano cewa idan zafin huda ya wuce digiri 47 na minti guda, ƙashin wurin ya mutu, kusar ba za ta kama ba. A murɗa kusar, a ɗinke, a ce ka tafi gida. Tsarin asali wata uku ne a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama. Ka dawo a ɗaura mata wuya, a ɗauki awon bakinka, wani ma'aikaci daban ya ƙera haƙorin da zai dace da launin maƙwabtansa, har da jan goro in akwai. Wanda ya bar giɓinsa shekara da shekaru kuwa, ƙashin wurin ya riga ya zaizaye, sai an yi masa ciko tukuna, wani kuɗin, wasu watannin. Mai ciwon suga da ba a shawo kansa ba da mai shan taba, nasu ya fi saurin lalacewa.

To, sai dala. Daga kusar har ɗan sukudireban da ake murɗa ta, daga waje ake shigo da su, kuma kowane kamfani da nasa awon, na wannan ba ya shiga na wancan. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Likita bai ƙara komai ba, kayansa sun ninka uku. A jihar Kano, inda mafi ƙarancin albashi yake naira 71,000, haƙori ɗaya na iya lashe albashin shekara.

Amma kada a ɗauka farashin nan saukakke ne. Koriya ta Kudu ta ƙera nata kusoshin, irin na kamfanin Osstem, kuma tun 2016 inshorar lafiyarta ke tallafa wa duk mai shekara 65 zuwa sama ya dasa guda biyu. A farkon 2023 Sin ta tara buƙatar asibitocinta wuri guda ta ce kamfanoni su yi takara, farashin kusa ya faɗi da fiye da rabi. A ganina wannan ya tona asirin cewa wani kaso mai tsoka na tsadar suna ne ake saya, ba ƙarfe ba.

Mutumin Kibiya ko Rurum yana da wani harajin da ba ya cikin rasit. Wannan ba aikin asibitin karkara ba ne. Ƙwararrun suna birnin Kano, inda Asibitin Malam da tsangayar haƙori ta Jami'ar Bayero da asibitocin kuɗi suke. Zuwa biyar ko shida, kowanne da kuɗin mota da yinin gona da aka rasa, kuma in damina ta faɗo a tsakiya, wa zai bar noma ya tafi awon haƙori?

Don haka, ɗan'uwa, idan turminka ya fara zogi, kanumfari zai lallashe shi na dare ɗaya, ruwan batir kuwa ƙona dasashi kawai zai yi. Kafin ka miƙa baki a sa awartaki, je asibiti ka tambaya ko zai ciku.