Marubuci da Masu Jiransa: Tarihin Littattafai Masu Jeri a Almarar Birni

1.0 Gabatarwa

Manazarta ƙagaggun labarai sun saba ɗaukar littafi a matsayin abin da ya riga ya kammala, su ajiye shi gabansu, su feɗe jigonsa da salonsa da zubinsa da taurarinsa. Wannan hanya tana da amfaninta, amma akwai wani nau'in rubutu da ba ta isa ta ƙure shi ba, watau littattafan da ake fitarwa jeri-jeri, waɗanda jama'a kan karanta na farkonsu tun marubuci bai ɗora alƙalami a kan na biyar ba. A irin wannan rubutu mai karatu yana tsaye a kan marubuci, yana yabo, yana ƙorafi, yana tambayar ranar fitowar na gaba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin tarihin wannan dangantaka a cikin wani reshe na adabin Turanci wanda za mu kira almarar birni, tare da ɗaukar marubucin Amurka, Jim Butcher, a matsayin misali. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce: ina iyakar ikon mai karatu a kan labarin da yake jira?

2.0 Ma'anar Almarar Birni

A yawancin tatsuniyoyi da labaran almara, sai tauraro ya bar gari kafin ya gamu da abin mamaki. Dodo a ƙungurmin daji yake ko a bakin kogi, kuma ko Ganɗoki sai da ya yi nisa da gida kana ya shiga cikin aljannu. Almarar birni ta juya wannan tsari. A cikinta aljannu da masihirta da masu shan jinin mutane suna zaune cikin birnin zamani, suna hayar ɗaki, suna shiga mota, suna kai ƙara wurin 'yan sanda.

Wannan reshe ya tsaya da ƙafafunsa a shekarun 1980. Charles de Lint, mutumin Kanada, ya fitar da Moonheart a 1984, ya gina labarinsa a birnin Ottawa. Emma Bull ta biyo baya da War for the Oaks a 1987, inda ta kawo yaƙin aljannu cikin Minneapolis. A 1993 Laurell K. Hamilton ta fara jerin labaran Anita Blake a birnin St. Louis, sa'an nan Neil Gaiman ya fitar da Neverwhere a 1996, wanda ya ƙago wata ɓoyayyiyar duniya a ƙarƙashin Landan.

Abin lura a nan shi ne, tun daga kan Hamilton marubuta da yawa suka ari zubin labaran bincike irin na 'yan sandan ciki. Kowane littafi yana ɗauke da matsala ɗaya wadda tauraro zai warware, amma rayuwar tauraron tana ci gaba daga littafi zuwa littafi. Wannan zubi shi ya mai da almarar birni adabin jeri, shi ya kuma haifar mata da masu jira.

3.0 Tushen Al'adar

Jiran ci gaban labari ya girmi almarar birni da fiye da ƙarni guda. A Ingila, Charles Dickens ya fitar da The Pickwick Papers kashi-kashi, wata-wata, daga 1836 zuwa 1837, ana sayar da kowane kashi sule ɗaya. Da farko ciniki bai yi armashi ba, sai da ya shigo da wani bara mai barkwanci, Sam Weller, a kashi na 4. Ganin yadda jama'a suka karɓe shi ya sa Dickens ya faɗaɗa rawarsa, kuma kafin a kai ƙarshe ana buga kimanin kwafi 40,000 na kowane kashi. Haka kuma da cinikin Martin Chuzzlewit ya yi sanyi a 1843, sai ya ɗauki tauraron ya tura shi Amurka. Ke nan aljihun mai saye ya fara tsoma baki cikin tsarin labari.

A Faransa kuwa, Eugène Sue ya riƙa buga Les Mystères de Paris a jaridar Journal des débats daga 1842 zuwa 1843. Labari ne na lungunan talakawan Faris, kuma masu karatu sun yi ta aiko masa da wasiƙu, wasu suna ba da shawara, wasu suna kai kukan talaucinsu. Yayin da labarin ke tafiya, marubucin ya ƙara karkata ga batun gyaran halin rayuwar matalauta.

Misali mafi shahara shi ne na Arthur Conan Doyle. Ya gaji da Sherlock Holmes, saboda haka a Disambar 1893 ya jefa shi cikin magangarar ruwa ta Reichenbach a ƙasar Suwizalan, da niyyar ya huta. Masu karatu ba su yarda ba. A 1901 ya fara fitar da The Hound of the Baskervilles, bisa hujjar cewa labarin ya faru ne kafin mutuwar tauraron, a 1903 kuma ya dawo da shi da rai ɗungurungum. A wancan karon masu karatu da mawallafa su suka yi rinjaye.

Akwai kuma wani haɗari da ke tattare da wannan al'ada. Dickens ya rasu a Yunin 1870, ya bar The Mystery of Edwin Drood da kashi 6 daga cikin 12 da ya yi niyya. Alkawari kaya ne, amma ajali ba ya jiran a sauke shi, kuma wannan fargaba tana zuciyar duk mai bin dogon jeri.

4.0 Jim Butcher da Jerin Labaran Dresden

An haifi Jim Butcher a 1971 a garin Independence na jihar Missouri. Ya rubuta littafin farko na jerin The Dresden Files ne a ajin koyon rubutu na malama Deborah Chester a Jami'ar Oklahoma, aka buga shi a 2000 da sunan Storm Front. Tauraron, Harry Dresden, masihirci ne mai ofis a Shikago, wanda ya sa sunansa cikin kundin lambobin waya kamar kowane mai sana'a, yana kuma taimaka wa wata jami'ar 'yan sanda, Karrin Murphy, wajen binciken laifuffukan da hankali bai kama ba. Dresden ne da kansa yake ba da labarin, da bakinsa.

Tun da wuri Butcher ya sha faɗa wa masu karatunsa cewa ya tsara jerin zai kai littattafai ashirin da 'yan kai, sa'an nan a rufe da wasu manya guda uku. Da wannan furuci ya ɗaura wa kansa alkawari na shekaru masu yawa. Da farko ya cika shi fiye da zato: tsakanin 2000 da 2014 ya fitar da littattafai 15 a wannan jeri, ban da wasu 6 na jerin Codex Alera da ya fitar tsakanin 2004 da 2009. Littattafan farko da bango mai laushi suka fito, irin na araha. Daga Dead Beat na 2005 aka koma bango mai kauri, abin da ke nuna mawallafa sun tabbata akwai masu saye da ba za su jira farashi ya sauko ba. A 2007 aka mai da labaran wasan talabijin, amma bai wuce fitowa 12 ba.

Ta haka masu karatu suka saba da samun sabon littafi kusan kowace shekara. Sabo kuwa turken wawa ne, kamar yadda Hausawa suke cewa, domin abin da aka saba samu yakan rikiɗe ya zama haƙƙi a idon mai karɓa.

5.0 Gwaji Uku

Abubuwa uku suka auku waɗanda suka gwada ƙarfin wannan dangantaka, kowanne da darasinsa.

Na farko ya shafi murya. Ɗan wasan kwaikwayo James Marsters shi ne ya saba karanta littattafan a naɗi muryarsa domin masu sauraro. Littafi na 12, Changes, ya fito a Afrilun 2010, ya ƙare an harbe Dresden ya faɗa ruwa. Jama'a suka yi jiran wata 15 kafin Ghost Story ya fito a Yulin 2011. Da ya fito, sai aka tarar John Glover ne ya karanta shi, saboda Marsters bai sami sarari ba. Da yake labarin da bakin tauraro ake ba da shi, masu sauraro sun riga sun ɗauki muryar Marsters a matsayin muryar Dresden, suka yi ta neman a maido musu da ita. A 2015 aka fitar da sabon naɗi da muryar Marsters. A nan an biya musu bukata gaba ɗaya.

Na biyu ya shafi lokaci. Bayan Skin Game, littafi na 15, wanda ya fito a Mayun 2014, aka shafe fiye da shekara 6 ba a ga na 16 ba. A tsakanin nan Butcher ya buɗe wani sabon jeri da The Aeronaut's Windlass a 2015, ya kuma tara gajerun labaran Dresden cikin Brief Cases a 2018, amma wannan bai kashe ƙishin masu jira ba. Wasunsu ma gani suka yi ya bar bashi ya tafi sabon ciniki. Da rubutun ya kammala, sai ya yi tsawon da ya sa aka raba shi biyu: Peace Talks a Yulin 2020, Battle Ground kuma a Satumbar wannan shekara. Ƙorafi bai gaggauta rubutun ba, sai dai gajeren ratar da aka bari tsakanin littattafan biyu ya hana wani sabon dogon jira.

Na uku ya shafi labarin kansa. A cikin Battle Ground marubucin ya kashe Karrin Murphy, wadda masu karatu suka shekara 20 tare da ita, kuma ɗan sanda ɗan'uwanta ne ya harbe ta, ba wani ƙasurgumin aljani ba. Wannan ya ɓata wa da yawa rai ƙwarai. Duk da haka ba a janye littafin ba, ba a sake masa ƙarshe ba, jerin ya ci gaba a kan wannan rashi, aka kuma sa Janairun 2026 a matsayin lokacin fitowar littafi na 18, Twelve Months.

6.0 Iyakar Ikon Mai Karatu

Idan aka jera waɗannan misalai za a ga iko hawa uku ne. A kan suturar littafi, watau murya da bango da farashi, mai karatu yana da iko babba, domin waɗannan al'amuran ciniki ne, mai saye kuwa shi ke da ta cewa. A kan lokaci ikonsa rabi ne: yana iya matsa wa mawallafi, amma ba ya iya sa alƙalami gudu. A kan makomar taurari kuwa ikonsa ƙalilan ne, kuma akwai dalili. Abin da ke riƙe mai karatu shekara da shekaru shi ne rashin sanin abin da zai faru. Ranar da ya tabbata marubuci ba zai taɓa wanda yake so ba, ranar ce tsoro zai fita daga labarin, sha'awar jira ma ta bi shi.

Mai ja da wannan ra'ayi yana iya kawo misalin Holmes, kuma yana da hujja. Amma zubin labaran biyu ya bambanta. Labaran Holmes kowanne cin gashin kansa yake yi, tauraron bai cika sauyawa ba, don haka dawo da shi bai rushe kome ba. Jerin Dresden kuwa gini ɗaya ne, kowane littafi yana zaune bisa asarar da aka yi a na bayansa. Wanda ya zare tubali ɗaya domin ya faranta wa masu karatu, ya raunana sauran ginin.

7.0 Kammalawa

Wannan tarihi bai yi nisa da mu ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan adabin kasuwar Kano suke fitar da littattafansu kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, sau da yawa da kuɗin aljihunsu, ta yadda cinikin kashin farko ne ke biyan maɗaba'a kuɗin na biyu. Sukan yanke labari daidai inda ya ɗauki zafi, su sa adireshinsu, wasu su buga wasiƙun masu karatu a shafukan ƙarshe. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fara fitowa a 1991, a wannan tsari ya iso hannun jama'a. A irin wannan hali dogaron marubuci ga mai karatu ya ma fi na Butcher tsanani, tun da babu babban mawallafi a tsakaninsu.

Sai dai nazarce-nazarcenmu sun fi raja'a ga jigo da salo, suna tsallake waɗannan shafuka na gaba da na baya tamkar ba sa cikin littafin. Alhali kuwa a nan ne za a ga ko kashi na uku ya bi hanyar da marubuci ya shata tun farko, ko kuwa ya karkata saboda wasiƙun da suka biyo bayan na ɗaya. Takardun waɗannan littattafai ba masu ƙarko ba ne, kuma sake bugu yakan zubar da tsofaffin wasiƙu. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su tattara bugun farko na kowane kashi, su adana su da shekarunsu, ɗalibai masu neman manyan digirori kuma su tuntuɓi marubutan da ke raye game da abin da masu karatu suka nema da abin da suka ƙi ba su.