Tabon Tsoka

tabon tsoka (suna, namiji): Nama mai tauri kamar jijiya da ke maye gurbin lafiyayyar tsoka, musamman a cutar gado ta shanyewar tsoka wadda likitan Faransa Duchenne ya yi sharhinta a 1868, wadda galibi 'ya'ya maza take kamawa, domin idan jiki ya rasa sinadarin distirofin, tsoka takan yayyage ta warke da tabo da kitse, har sharaɓa ta kumbura alhali ƙarfi yana raguwa. Maganin prednisone da gashin ƙashi suna jinkirta illar cutar, Amurka kuwa ta halatta maganin givinostat don wannan cuta a 2024. Misali: "Malam, yaron nan na Achika sai ya dafa gwiwa yake miƙewa, a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala."