Mbube: Waƙar da ta tara miliyoyi, mai ita ya rasu cikin talauci

Waƙar The Lion Sleeps Tonight, wadda jama'a da dama suka sani ta fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney na 1994, asalinta ba daga Amurka take ba. Tushenta wata waƙa ce ta harshen Zulu mai suna Mbube, wato zaki, wadda Solomon Linda da ƙungiyarsa ta Evening Birds suka rera a 1939 a ɗakin naɗar sauti na kamfanin Gallo da ke Johannesburg, a Afirka ta Kudu.

Linda ɗan ci-rani ne daga yankin Natal. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai, har sunan waƙar ya zama sunan wani salon waƙar maza. Amma sule goma kacal aka biya shi, kamfanin ya mallaki waƙar, shi kuwa ya ci gaba da aikin ɗaure faya-fayai a ma'ajiyar kamfanin.

Daga baya faifan ya faɗa hannun mawaƙin Amurka Pete Seeger. Bai ji kalmar Zulu da ake maimaitawa a amshi daidai ba, sai ya raɗa wa waƙar suna Wimoweh, ƙungiyarsa ta The Weavers ta rera ta. A 1961 aka sa mata baitocin Turanci, ƙungiyar The Tokens ta fitar da ita, ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka.

Shekara guda bayan haka, a 1962, Linda ya rasu bai bar dukiya ba. Sai bayan shekara 18 aka iya kafa dutsen alama a kabarinsa.

Maganar ta sake tasowa a 2000, lokacin da ɗan jarida Rian Malan ya bi diddigin kuɗin da waƙar ta samar a mujallar Rolling Stone. A 2004 aka shigar da Disney ƙara a madadin magadan Linda. Lauyoyinsu sun dogara da wata dokar Birtaniya ta 1911, wadda ta tanadi cewa haƙƙin mallaka yana komawa ga magada shekara 25 bayan rasuwar mai fasaha.

A 2006 aka yi sulhu da kamfanin Abilene Music mai riƙe da haƙƙin waƙar. An biya magadan kuɗin baya, aka ba su kaso a na gaba, aka kuma sa sunan Linda cikin waɗanda suka tsara ta, shekara 44 bayan rasuwarsa.