Daga Tsibiran Maldif zuwa Kasuwar Kurmi: Tafiyar Wuri a Jirgin Iska

Har gobe Bahaushe yakan ce an biya miliyan kaza "wuri na gugar wuri", ko da bai taɓa sayen kome da wuri ba. Ɗalibi ya lura cewa wannan wuri daban yake da wurin zama, karin sauti ne ya raba su, kuma jam'insa shi ne kuɗi. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne inda wurin ya fito da irin jiragen da suka yi dakonsa.

Tsibiran Maldif suna cikin tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya. Sun kusa 1,200, a jere daga arewa zuwa kudu, nisan fiye da kilomita 800, amma kamar 200 ne kawai ke da mazauna. Akasarinsu ba su wuce mita ɗaya ko biyu sama da ruwa ba, don haka matuƙi ba ya hango tudu daga nesa, sai dai kawunan itatuwan kwakwa. Ga kuma duwatsun murjani kewaye da su kamar zobe, jirgi ba ya shiga sai ta 'yan ƙofofin da 'yan gari suka sani. Baƙi da yawa sun yi asara a nan. Wani Bafaranshe, Faransuwa Firar, jirginsu ya fashe a 1602, bai sami barin tsibiran ba sai 1607.

Jirgin mutanen wurin sunansa doni. Da katakon kwakwa ake sassaƙa shi, a kafa masa sanda a tsakiya, a ɗaura filafili, wato babban ƙyalle ko tabarma mai tare iska. A tekun Indiya na wancan zamani, ɗinke katakan jirgi ake yi da igiyar ɓawon kwakwa maimakon a buga ƙusa, kuma Maldif na cikin manyan masu sayar da igiyar. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, wanda ya sauka can a 1343 har ya yi alƙalanci a Male, babban birninsu, ya bayyana hikimar abin: jirgin da aka ɗinke yakan ɗan lanƙwasa in ya gogi dutse, mai ƙusa kuwa tarwatsewa yake yi.

Sai dai mai mulkin tafiyar na ainihi ita ce iska. Daga wajen Mayu zuwa Oktoba takan taso daga kudu maso yamma, daga Disamba zuwa Maris kuma ta juyo daga arewa maso gabas. Larabawa suna kiran wannan lokaci mausim. Mai son zuwa Bengal sai ya bi iskar farko wajen ƙarshenta, sa'ad da haukanta ya lafa, ya sauke kaya, sa'an nan ya zauna jiran ta biyu ta mayar da shi gida. Tafiya ɗaya ke nan a shekara. Wanda ya makara da mako biyu ko uku yana iya kwana watanni a ƙasar mutane, iyalinsa kuwa suna can suna jiran shinkafa, domin tsibiran ba sa noma ta. A ganina wannan ne ya kamata a riƙe: wuri a wajensu abin musayar abinci ne kafin ya zama kuɗin kowa.

Kama shi ba wuya. Akan jefa ganyen kwakwa a ruwa marar zurfi, 'yan halittun su manne, a kwaso, a binne a rairayi har naman ya ruɓe, a wanke ƙoƙon. Ibn Baɗuɗa ya ce a Maldif wuri 400,000 ake bayarwa a dinarin zinariya ɗaya, amma da ya je Mali da Gawo ya tarar 1,150 ne dinari. Ya kuma ce matuƙan Yaman sukan zuba shi a cikin jirgi a madadin yashi don jirgin ya daidaita a ruwa. Nan sirrin ribar yake: kowane jirgin iska yana buƙatar nauyi a ƙasansa, ga shi an sami nauyin da ba ya ruɓewa kuma ana sayarwa. Firar ya ce ya ga jirage 30 zuwa 40 suna tashi Bengal ba da kome ba sai wuri.

Wurin zamanin Ibn Baɗuɗa ta Masar da Magrib da Sahara ya iso. Daga ƙarni na 16 Turawan Fotugal, daga baya na Holan da Ingila, suka riƙa kewayo da shi ta kudancin Afirka zuwa Turai, sa'an nan su sauko da shi gaɓar Afirka ta Yamma, musamman Wida, su sayi bayi. Hogendon da Jonson, a littafinsu na 1986, sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 kaɗai wurin da aka shigo da shi ya kai biliyan 10. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. A 1851 Bart ya tarar 2,500 ne azurfar Mariya Tireza ɗaya a Kano, inda fatake ke lissafi da zambar, wato 1,000, da keso, wato 20,000.

Abin da ya karya darajarsa shi ma a jirgin iska ya zo, daga wani tsibiri daban. Wajen 1845 'yan kasuwar Hambug suka fara kwaso wani irin wuri daga Zanzibar, mai ɗan girma da araha, kai tsaye zuwa gaɓar Legas da Wida. Ya cika kasuwa har ta kai ladan ɗan dako a doguwar tafiya na iya cinye kayan da ya ɗauko. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka hana shigo da shi, suka tilasta biyan haraji da sulallansu.

A Maldif kuwa an fara sa wa doni inji a shekarun 1970. Waɗanda ke yawo tsakanin tsibiran don nishaɗi yau masu yawon buɗe ido ne, harkar da aka fara a 1972, babban bankin ƙasar kuma hoton wuri ne tambarinsa.