Maraya a silima: tarihin fina-finan yaron da ya rasa uwa ko uba

A gidajenmu da yawa, idan uwa ko uba ya rasu, akan kwashe ƙananan yara a kai su gidan maƙwabta har a dawo daga maƙabarta. Manya su zauna karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai. Yaro kuwa idan ya tambaya, sai a ce masa "ya yi tafiya". Tausayi ne ke sa a faɗi haka, ba mugunta ba. Amma masu shirya fina-finai sun fi shekara 80 suna kallon wannan lokaci da idon yaron kansa, kuma abin da suka nuna ya cancanci iyaye da malaman lakwal su tsaya su duba.

A farko, silima ma kawar da kai take yi kamar yadda muke yi. A 1942 kamfanin Disney na Amurka ya fitar da Bambi, fim ɗin katun a kan ɗan barewa da maharbi ya kashe uwarsa. Ba a nuna gawar ba. Ana jin ƙarar bindiga, Bambi ya tsere, ya dawo yana kiran uwarsa cikin ƙanƙara, ubansa ya sanar da shi a taƙaice. Daga nan sai fim ya tsallaka: sanyi ya wuce, tsuntsaye na waƙa, Bambi ya girma. Yadda ya kwana a daren farko, da yadda ya yi watannin da suka biyo, duk an bar su a ɓoye.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya canja wannan, domin ya bar marayu da yawa a Turai da Asiya. A 1952 René Clément na Faransa ya shirya Jeux interdits, wato haramtattun wasanni. Paulette, ƴar shekara 5, tana gudun hijira daga Paris a watan Yunin 1940, jiragen Jamus suka harbe iyayenta da ɗan karenta a kan hanya. Wani gidan manoma ya karɓe ta, an ba ta abinci da wurin kwana, amma ba wanda ya zauna ya yi mata bayani. Sai ita da Michel, yaron gidan, suka binne karen, suka shiga tattara matattun ƙananan dabbobi suna yi musu kaburbura, har suna sato alamomin kabari daga maƙabartar ƙauyen. Manya suka ga ɓarna da rashin kunya, alhali yarinyar jana'izar da ba a yi da ita ba take ta maimaitawa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Venise a wannan shekara.

A daidai wannan zamani masana halayyar yara suka fara rubuta abin da fim ɗin ya nuna. A 1948 Maria Nagy ta Hangari ta wallafa bincikenta a kan yadda yara ke fahimtar mutuwa, ta nuna cewa ƴan ƙasa da shekara 5 sukan ɗauke ta kamar barci ko tafiya da ake dawowa. A 1960 likitan Ingila John Bowlby ya yi rubutu yana cewa ƙananan yara ma suna makoki na gaske, abin da wasu masana na lokacin ke musu. Ke nan idan aka ce wa ɗan shekara 4 "ya yi tafiya", an ƙarfafa masa abin da dama yake zato, sai ya zauna jira.

Fim ɗin da ya fi kusa da rayuwarmu daga maƙwabciyarmu Burkina Faso ya fito, lokacin tana Haute-Volta. A 1982 Gaston Kaboré ya shirya Wend Kuuni da harshen Mosi. Wani fatake ya tsinci yaro a daji, ba ya magana. Masaƙi Tinga da matarsa suka riƙe shi, suka raɗa masa Wend Kuuni, ma'ana kyautar Allah, kamar yadda Bahaushe ke sa wa yaro suna Kyauta. Yana kiwo, yana taya aiki, amma ko kalma ɗaya. Sai daga baya aka gane cewa ubansa maharbi ne da ya ɓata, uwarsa ta ƙi sake aure, aka yi mata ƙazafin maita aka kore ta, ta mutu a daji a gabansa. Maganarsa ta dawo ranar da ya ci karo da gawar wani mutum da ya rataye kansa, kuma wadda ya ba labarinsa ita ce Pognere, ƙaramar ƴar gidan, domin ita ce ba ta daina yi masa hira ba tun yana shiru. Kaboré bai nuna muguwar matar uba irin ta tatsuniyoyinmu ba. Ya nuna gida na kirki, da yaron da duk da haka yake ɗauke da abin da ya kasa faɗi.

A 1988 Isao Takahata na Japan ya fitar da katun ɗin da ake kira Le Tombeau des lucioles da Faransanci. Birnin Kobe ne a 1945. Uwar Seita mai shekara 14 da ƙanwarsa Setsuko mai shekara 4 ta mutu bayan ruwan bama-bamai. Seita ya ɓoye wa ƙanwarsa, yana ce mata uwar na asibiti. Wata safiya ya same ta tana haƙa rami tana binne matattun ƙwarin nan masu walƙiya da dare, ta ce masa ta riga ta sani, gwaggonsu ta gaya mata. A nan ne shi kansa ya fashe da kuka. Kowannensu yana ɗauke da nauyi iri ɗaya, ɓoyon ya sa kowa ya ɗauka shi kaɗai.

Shekarun 1990 sun ƙara wani abu, wato zargin kai. A Le Roi lion na 1994, Disney ɗin da ya ɓoye gawar uwar Bambi ya nuna Simba yana taɓa gawar ubansa Mufasa, sannan baffansa Scar ya sa masa a rai cewa shi ne sanadi. A 1996 Jacques Doillon ya shirya Ponette: yarinya ƴar shekara 4 da uwarta ta mutu a hatsarin mota. Ubanta ya faɗa mata abu ɗaya, ƴar'uwar iyayenta ta faɗi wani, yara abokan wasa kowa da nasa, har wani ya ce mata rashin jinta ne ya kashe uwar. Ta yi ta jira, daga ƙarshe ta je kabarin tana tonawa da hannu. Victoire Thivisol, wadda ta fito a Ponette, ta ci kyautar gwarzuwar ƴar wasa a Venise.

Daga 1942 zuwa 1996, daga Amurka zuwa Wagadugu da Japan, abin da ke ta maimaituwa shi ne: yaro yakan san fiye da yadda manya ke zato, abin da ba a faɗa masa ba kuma yakan cike shi da nasa tunani, sau da yawa da laifin kansa. Baƙin cikinsa bai cika fitowa da hawaye ba. Yana fitowa ta wasa, ta shiru, ta tsokana, ko ta tambaya ɗaya da ake yi sau goma.

Ga iyaye, abin yi shi ne a samu wanda yaron ya saba da shi ya gaya masa gaskiya da kalmomi masu sauƙi: babanka ya rasu, ba zai dawo ba, ba laifinka ba ne, ga wanda zai kula da kai. Ga mushe ko madam da maraya ya dawo ajinsu bayan zaman makoki, kada a yi gaggawar ɗaukar shirunsa ko rashin natsuwarsa a matsayin taurin kai. Wanda kuma zai nuna wa yara ɗaya daga cikin fina-finan nan, ya fara kallonsa shi kaɗai. Na Japan ɗin da Ponette sun yi wa ƙanana nauyi, sun fi dacewa da manya da ƴan kwaleji. Wend Kuuni kuwa ana iya kallonsa da manyan ƴan firamare, muddin babba na zaune tare da su, kuma ya bar lokaci a ƙarshe don tambayoyinsu.