Tarihin Aikin Taimako na Mishan Katolika a Ƙasar Yawuri

Yelwa gari ne a bakin kogin Kwara, nan Sarkin Yawuri ya ke zaune. A kewayenta akwai ƙabilu da yawa, kamar su Gungawa mazauna tsibirai, da Kambari, da Dukawa, da Shangawa. A zamanin dā, in mutum ya kwanta ciwo a ƙauyukan nan, sai a ɗauko shi a jirgin ruwa ko bisa jaki, a yi tafiya mai nisa kafin a isa inda mai magani ya ke.

A shekara ta 1953 Roma ta yanke ƙasar Sakkwato ta ba limaman Dominikan, mutanen Amirka, su kula da ita. Shugabansu na farko shi ne Edward Lawton. A 1956 mata masu zaman zuhudu suka zo daga Kansas su taimake su. Yelwa tana cikin wuraren da mishan ɗin ta kafa mazauni, ana duba marasa lafiya, ana karantar da yara.

To, amma baƙi 'yan kaɗan ba su iya kai wa ga kowane ƙauye, ga kuma harsuna dabam dabam. Saboda haka nauyin aikin ya koma kan 'yan ƙasa. Malamin da a ke kira katikis shi ne tafinta, shi ke koya wa manya karatu, shi ke kawo labarin wanda ba shi da lafiya.

Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da gonaki, aka ta da mutane fiye da dubu arba'in aka kai su sababbin matsugunai. Wanda ya saba da ɗiban ruwa a ƙofar gida ya koma tudu yana neman rijiya.

A 1995 aka kafa sashen Kwantagora, aka ɗora Timothy Carroll, mutumin Ailan, bisa shugabancinsa. An san shi da abu biyu, watau haƙa rijiyoyi a ƙauyuka, da buɗe ajin yaƙi da jahilci da rani, lokacin da manoma suka huta. Mishan takan kawo siminti da gwani, mutanen ƙauye su kawo yashi da ƙarfinsu. Rijiya kuwa in ta yi ruwa, ba a tambayar addinin mai jan guga.

A majami'un Katolika na Arewa akwai kuma ƙungiyoyin sa kai. Zumuntar Mata sukan tara hatsi da sabulu su kai wa masu jego da matan da mazansu suka mutu. Akwai kuma ƙungiyar Bincent na Paul, wadda aka kafa a Faris a 1833, aikinta ziyarar matalauta har gida. Ba wanda a ke biya ko anini.

A 2012 ɗan ƙasa, Bulus Dauwa Yohanna, ya zama bishop na Kwantagora. Turawan farko sun shuɗe, aikin ya rage a hannun waɗanda suka koya. Kai mai karatu, ka tuna wani ne ya zauna ya koya maka baƙi da wasali. In akwai maƙwabcinka da bai iya ba tukuna, to, ga bashi a kanka.